Unguwar da Ƙanena Ya Gina da Kwali

Ƙanena ya koyi yi wa ƙananan sojoji fenti ne a gidan wani Bature da yake yi wa tuƙi. Baturen ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne, kuma in ya taso daga aiki ba abin da yake so irin ya zauna gaban tebur, tabarau a kan hanci, yana shafa wa mutanen roba launi. Kowannensu bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A kwali suke zuwa masa daga ƙasarsu, kai daban, hannu daban, bindiga daban. Sai an yanko su da reza, a kankare, a manna da gam, sannan a yi fenti. In sun bushe sai a jera su a kan teburin da aka yi wa tuddai da itatuwa da gidaje, mutum biyu su zauna su gwabza yaƙi da su, ana jefa ƙwayar ludo, ana auna tafiyar kowane soja da tef.

Ni tela ce, kuma tef ɗina na awo ne ya fara ɓacewa daga kan keke kafin in san abin da yaron nan ya ɗauko mana. Na ce yaro, amma a lokacin ya isa aure. Mu uku ne a gidanmu na Yakité: ni da na dawo gida bayan rasuwar mijina, da Inna, da shi, wanda har gemu ya fito masa Inna ba ta daina ce masa Auta ba. Babanmu ɗan ƙasar Katsina ne, fataucin goro ya kawo shi Bangui, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Mu ba mu san wani wuri ba sai unguwar Kilomita Biyar, wadda kowa ke kira Sankilo, a cikinta Yakité take.

Ranar da Inna ta ga sojojin a kan tabarma sai ta ja da baya tana salati.

"Auta, gumaka ka kawo mini gida?"

"Inna, abin wasa ne."

"To ka yi wasanka inda ba na salla."

Haka aka mayar da shi ɗakin ajiya na bayan gida, tsakanin buhunan gawayi da tsohon firjin da ya daina aiki. Ya ɗora wata tsohuwar ƙofa a kan durom biyu, ta zama teburinsa. Abokin wasansa kukun Baturen ne, Kirista, mai fara'a, mazaunin unguwar da ke hayin gada. Ran Lahadi in ya taso daga coci sai ya zo, su shige ɗakin nan, ba ka jin komai sai ƙarar ƙwayar ludo da gardama da yaren Sango. Ni na ɗinka wa matarsa kayan biki, har gida na kai mata. Gida ne mai shuɗiyar ƙofa, da mangwaro a tsakar gida, a ƙarshen wani lungu da kwata ta raba biyu.

Da gari ya rikice da faɗa tsakanin Musulmi da Kirista, aka kwashe Baturen cikin gaggawa, ya bar wa ƙanena kwalayen sojojinsa da kwalaben fenti. Ranar da abin ya kai intaha Auta yana hayin gada. Kwanaki muka yi ba mu san ko yana raye ba. Ashe kukun nan ne ya ɓoye shi a cikin silin ɗin ɗakinsa, yana miƙa masa abinci da gwangwanin fitsari, har aka sami sararin da ya rako shi bakin gada. Abin da ya ji daga cikin silin ɗin, da abin da ya gani ta ɓular kwano, bai faɗa wa kowa ba. Ya dawo da ƙafafunsa, amma maganarsa ta tsaya a "i" da "a'a".

Daga nan aka rufe mu. Musulmi ba ya fita daga Sankilo ya dawo, sai wanda kwanansa ke gaba. Titin Koudoukou, inda da ba ka iya tsallakawa saboda tasi da babura da masu canji, ya koma hannun samari masu bindigogi da ke cewa su ne masu tsaron unguwa. Ɗinki ya tsaya. Wa zai yi sabon zane a irin wannan hali? Sai faci, sai likkafani.

Auta ya daina cin abinci sai an matsa masa. Ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa ta kafaɗa. Abu ɗaya kawai yake yi, shi ne zama a ɗakin ajiya da buroshi a hannu. Na yi faɗa, na yi kuka, Inna ta yi masa tofi a ruwa, duk a banza. Wata rana da rana na shiga da kwanon tuwon rogo, na zauna a kan buhun gawayi, na ce masa ya koya mini wasan.

Ya ɗago ya dube ni.

"In na cinye ka, za ka cinye tuwon nan," na ce.

Ya turo mini sojoji masu jajayen riguna. Da hannu ya koya mini: wannan yana tafiya iyakar nan, wancan yana harbi daga bayan katanga, in ƙwayar ta ba da babban lamba to harbin ya samu. Ya cinye ni a ranar, amma ya ci rabin tuwon. Tun daga nan kullum sai na shiga.

A wurinsa na koyi fentin ma. Ana fara shafe sojan da baƙi gaba ɗaya, a bari ya bushe. Sannan a bi riga da launinta, wando da nasa, fuska, takalmi, ɗamara. Sai a tsinka baƙin fenti da ruwa ya zama kamar ruwan shayi, a zuba masa, ya gangara cikin ninkin tufafi ya kwanta. Daga ƙarshe a goge buroshi a tsumma har ya kusan bushewa, a share saman da shi a hankali, sai ka ga gwiwar wando da maɓallai sun fito. Ni da na yi shekaru ina kallon yadda yadi ke ninkewa a jikin mutum, abin ya shige ni. Ido kuwa da tsinin allurata yake ɗiga shi, yana riƙe numfashi.

Fentin Baturen ya fara ƙarewa, ni kuma na shiga tashin hankali, don na san in buroshin nan ya tsaya, cokali ma zai tsaya. Na daka jar ƙasa na tankaɗe na kwaɓa masa. Na niƙa gawayi. Na ba shi bular wanki, da kwallina, da ragowar man farcen da wata amarya ta manta a wurina. Da gam ya ƙare muka dama garin rogo ya yi kauri. Da buroshi ya tsiyaye na yanko gashin jelar akuyar maƙwabta na ɗaure masa a tsinken tsintsiya.

Da sojojin suka ƙare, babu sauran wanda ba a yi wa fenti ba, sai ya koma gine-gine. Ya fara da gidanmu, da kwalin sabulu. Ya yi rufi da gwangwanin sadin da ya murza da ƙusa har ya yi layi-layi kamar kwanon gaske. Ya yi gidan maƙwabta, ya yi famfon unguwa, ya yi itatuwa da waya da soson katifa. Hasumiyar masallacin Koudoukou da ƙoƙon zarena ya yi ta, ya ɗora ɗaya kan ɗaya. A hankali Sankilo ta tashi a kan tsohuwar ƙofar nan, lungu-lungu, har da rumfar mai tsire da ta ƙone. Inna da kanta ta leƙa wata rana, ta daɗe tsaye, ta nuna wani wuri da yatsa ta ce, "Nan ai akwai rijiya da." Washegari ya sa rijiyar.

Abin da ya jawo mana masifa shi ne wani babur da aka sace. Samarin nan suka bi gida-gida suna bincike, suka banko ɗakin ajiya, suka ga unguwa sukutum a kan tebur, ga sojoji jere a bakin lunguna. Ɗaya ya yi ihu cewa an kama mai zana wa abokan gaba taswira. Suka ja Auta a ƙasa, wasu suka ɗauki teburin a ka, Inna tana bin su ba ɗankwali.

Na mayar da ita gida, na zuba ƙwayoyin ludo da tef a jaka, na bi su. Sansaninsu wani sito ne na shinkafa a kan Koudoukou. Shugabansu, wanda suke ce wa Shef, na san shi tun yana ɗan acaɓa, uwarsa ma ni nake yi wa ɗinki. Na tarar an ɗaure Auta a jikin ginshiƙi, leɓensa ya fashe, yana kallon teburinsa, inda hasumiyar masallacin ta karye.

Na durƙusa. "Ranka ya daɗe, ƙanena ne. Ba shi da lafiya. Wasa ne kawai, wallahi wasan Turawa ne."

"Wasa, Madam? Wa ya aiko shi ya auna mana unguwa?"

"Ba wanda ya aiko shi. Bari in nuna maka."

Na jera sojoji, na ba shi jajaye, na ɗauki shuɗɗa. Na auna da tef, na miƙa masa ƙwayar. Ya jefa, na ce harbinsa ya samu, na kwantar da sojana. Yaransa suka fashe da dariya, suka matso suna cewa ya sake. Ya sake, ya kashe mini wani. Na yi ta bari yana kashewa, ina addu'a a zuci. Can sai ya daina dariya. Ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da titin kwali, ya leƙa ta cikin lungun bayan masallaci, ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya ce a kwance Auta, a ba shi ruwa.

"Ka san hayin gada?" ya tambaye shi.

Auta ya gyaɗa kai.

"To irin wannan za ka yi mini nasu. Kowane lungu, kowace katanga."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. "Madam, ki gode wa Allah. Da safe zai riƙa zuwa, da yamma ya koma miki."

Haka aka yi. Suka kawo masa fentin gwangwani iri-iri da gam na gaske da falankin katako daga wani shagon da suka fasa. Kullum da hantsi babur ya zo ya ɗauke shi. A can yake cin shinkafa da nama, har kumatunsa suka fara dawowa. Inna ta ce ko ba komai yaron yana ci. A famfo mata sukan yi shiru in na iso. Na ji ana ce masa mai taswirar Shef. In wannan suna ya tsallaka gada, to ko an yi sulhu ba shi da sauran zama a Bangui. Kuma na san ba don ado ake son teburin nan ba.

Na je wurin Kawu, ƙanen Inna, wanda ke da manyan shaguna kuma ake jin maganarsa a kasuwa. Na same shi a ƙofar shagonsa da carbi.

"Kawu, ka roƙar mana shi ya sakar mana yaro."

"Ke dai ki yi haƙuri. Mutumin nan ba a ce masa a'a. Ai ba dukansa suke yi ba."

"Za su shiga unguwar mutane da aikin hannunsa."

"Ki rage murya," ya ce, yana waige-waige. Ya sa aka auna mini shinkafa a leda, ya ce in gaida Inna.

Sai na ƙirƙiri kai masa fura da rana, don in riƙa ganin abin da ake ciki. Unguwar hayin gada tana ta girma a tsakiyar siton. Ga gadar, ga cocin da ya yi wa gicciye da tsinken ashana, ga kasuwar gefen hanya. Na tarar da su sun kewaye teburin, Shef yana tura sojojin roba da bakin wuƙa yana cewa waɗannan ta nan za su bi, waɗancan su tare ta can. Ba ƙwayar ludo, ba dariya. Auta na gefe yana manna rufi kamar ba ya wurin.

Wata rana ina tsaye da kwanon fura, idona ya bi hanyar da na taɓa bi da kayan biki a ka. Na wuce cocin, na karya hagu, na nemi lungun mai kwata. Babu shi. Katanga ce doguwa a bakinsa, an yi mata fenti har da gansakuka. Inda gidan mai shuɗiyar ƙofa ya kamata ya kasance, kududdufi ne da juji, ya yi ruwan da gam mai ƙyalli. Gidajen da ke kewaye da shi ma duk babu.

Na dubi Auta, bai ɗago ba.

A daidai nan Shef ya dafa kafaɗarsa ya ce mini, "Ƙanenki gwani ne, Madam. Akwai yarona da aka haifa a can, yana kwance da harbi a ƙafa. Da ya fara takawa zan kawo shi ya duba mana ko an manta da wani abu."

Ban san yadda na kai gida ba. Da babur ya sauke Auta da la'asar na ja shi ɗakin ajiya na rufe ƙofa.

"Ina gidan?"

Ya kau da kai.

"Auta, ni ma na san unguwar nan. Ina lungun? Ina gidan abokinka?"

"Babu gida a wurin," ya ce.

"In yaron nan ya zo ya gani, kashe ka za su yi. Ka ji ni? Kashe ka za su yi a bakin titi. Gobe ka gyara."

Ya zauna a kan buhu, ya dubi tafin hannunsa. Da ya yi magana, muryarsa ta fito a dishe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Yaya, matar abokin nan nawa tana da ciki lokacin da nake sama. Ita take dafa abin da yake miƙo mini. Mutanensu sun zo har sau biyu suna tambaya ko akwai Musulmi a gidan, ta tsaya a bakin ƙofa ta rantse musu babu. Ina jin ta. Ba zan sa gidan ba."

Tun dawowarsa ban ji ya haɗa magana mai tsawon haka ba. Na so in yi murna, amma tsoro bai bar ni ba. Na roƙe shi, na ce ya sa gidan ko a wani wuri daban, na ce ya tuna da Inna, na kama ƙafarsa. Ya ce in ya sa lungun, ta nan za su bi, don shi ne hanya mafi kusa zuwa bayan coci. Daga nan ya koma shirunsa.

Saura hanya ɗaya, ya bar garin. A lokacin akan haɗa ayarin manyan motoci zuwa iyakar Kamaru, sojojin ƙasashen waje na rakiya, amma kafin mota ta fita daga Sankilo sai yaran Shef sun hau sun duba kowa. Na koma wurin Kawu, don yana da mota a ayarin. Ya ce in aka kama yaron a motarsa, shagunansa za su ƙone kafin azahar. Na je wurin direbobi biyu da na sani, da suka ji ko wane ne sai kowa ya ce motarsa ta cika. Kullum in na kai fura sai in tambayi lafiyar mai harbin nan kamar mai tausayi. Aka ce ya fara zama. Aka ce ya fara dogara sanda.

Wanda ya taimake mu baƙo ne, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi da ya kawo albasa rikici ya rutsa da shi da matarsa, muka ba su ɗakin zaure. Ya sami wuri a ayarin. Na same shi bayan sallar azahar na faɗa masa komai, ban ɓoye ba. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Hajiya, namiji ba zai wuce ba, sun san fuskarsa. Amma ba su cika buɗe fuskar mata ba. In zai iya zama cikin mata, kusa da iyalina, ya yi shiru, to bismilla."

"Shiru kam ya iya," na ce.

Inna ce ta fi wuya. Ta ce ba za a raba ta da autanta ba, ta ce ana tare motoci a hanya ana sauke mutane, ta ce gara ya mutu a gabanta ta san kabarinsa. Na ce mata in ya zauna ba za a ba ta gawar ba ma. Ban taɓa yi wa Inna magana da irin wannan murya ba. Ta juya mini baya. Can ta tashi ta buɗe akwatinta ta fito da baƙin yadin da ta ajiye, ta jefa mini a kan keke.

Na ɗinka masa doguwar riga da hijabi har ƙasa da niƙabi. Na aske masa gemu da rezar da yake yanka kwali. Hannuwansa ne suka dame ni, manya, ga fenti ya shige ƙarƙashin farce ya ƙi fita ko da kananzir. Inna ta kwaɓa lalle ta zauna ta ƙunsa masa hannu da ƙafa da kanta, tana yi hawaye na ɗiga a kan ledar. Shi kuwa ya miƙa mata hannu kamar ƙaramin yaro.

Da safe, kafin babur ya zo, muka fita. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ajiya yana kallon sojojinsa a kan firji. Na ce ba zai ɗauki ko ɗaya ba, in aka zazzage jaka aka gani, shi ke nan. Bai yi musu ba.

"Yaya, ki rufe kwalaben da kyau, kada su bushe," ya ce.

Motocin suna jere a kan Koudoukou, an lafta musu katifu da tukwane da mutane har sama. Na taimaka masa ya hau, yana tuntuɓe da rigar. Matar Bamaraɗen ta ja shi ta zaunar a tsakiyar mata, ta ɗora masa jaririn wata a cinya. Na tsaya a ƙasa cikin masu rakiya, na bi motar da ƙafa har shinge.

Wanda ya hau motarsu yaro ne da kullum yake zaune kusa da Auta a sito yana miƙa masa gam. Ya bi mutane ɗaya-ɗaya da ido. Ya tsaya a kan Auta.

"Wannan doguwar fa? Ba ta gaisuwa?"

"Takaba take yi," in ji matar Bamaraɗen. "An kashe mijinta a gada. Gidan iyayenta za mu kai ta. Ka ji tsoron Allah ka bar ta."

Yaron ya dubi hannuwan masu lalle a kan jaririn. Ni dai na daina ganin komai sai bakin bindigarsa. Ko ya gane, ko bai gane ba, har yau ban sani ba. Ya tofar da yawu, ya diro, ya buga jikin motar ta wuce.

Ban kai ga shan ruwa a gida ba suka iso. Na ce musu tun asuba ya fita, mun ɗauka wurinsu ya tafi, ai sun san ba shi da cikakken hankali. Shef ya mare ni har na faɗi a kan keke. Suka birkice ɗakuna, suka tattake sojojin da ke ɗakin ajiya, suka zubar da fentin a ƙasa. Inna ta fito ta tsaya a tsakar gida ta kira shi da sunan uwarsa, ta ce in dukan mata ya zo yi to ya fara da ita. Bai taɓa ta ba. Ya sa aka ɗauki keken ɗinkina, suka tafi da shi.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni a rayuwata. Labari ya zo cewa an tare wani ayari a daji an sauke mutane, ba wanda ya san ko namu ne. Wayar Bamaraɗen ba ta shiga. Inna ta daina yi mini magana, sai ta zauna a bakin ƙofa da carbi tana kallon hanya. Ina faci da allurar hannu don mu sami abin dafawa, in na ji babur ya tsaya sai allurar ta soke ni. A cikin kwanakin aka yi ta harbi a wajen gada, kamar yadda aka saba. Ko sun yi aiki da teburin nan, ko yaron nan mai rauni a ƙafa ya je ya gani, ba wanda ya faɗa mini, ni ma ban tambaya ba.

Ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Muryar Auta ce. Ya ce suna Garoua-Boulaï, sun tsallaka iyakar Kamaru, motarsu ta lalace a hanya, zazzaɓi ya kwantar da shi, amma ya tashi. Na kai wa Inna wayar hannuna duk kumfa. Ta riƙe ta da hannu biyu tana ta cewa "Auta, Auta," ba ta iya ƙara komai ba har katin ya ƙare.

Kukun nan, daga baya na ji cewa tun kafin duk wannan ya kwashe iyalinsa sun koma sansanin da ke kusa da filin jirgi, gidan babu kowa a ciki. An ƙone shi a wani faɗan, ban san su wa suka ƙone ba. Na daɗe ina tunanin ko in faɗa wa Auta, daga baya na faɗa masa a waya. Ya tambaya ko matar ta sauka lafiya. Na ce an ce namiji ta haifa. Ya ce alhamdu lillahi.

Inna ba ta sake ganinsa ba. Ciwon ƙirji ya kama ta a daminar da ta biyo, babu hanyar kai ta babban asibiti, ta rasu a ɗakinta ina riƙe da kanta. Maƙabarta ma ba a iya zuwa a lokacin, a wani fili cikin unguwa aka sa ta.

Sai da hanya ta buɗe sosai, bayan shekaru, na je na gan shi a Bertoua, can cikin Kamaru. Yana rubuta allunan shaguna, ya auri wata Bafulatana, suna da 'ya mace. Ya yi ƙiba, kuma yana magana, har da wasa da maƙwabta. Bayan mun ci abinci matarsa ta ɗauke kwanuka, ya matso ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya ce in ba shi labarin ciwon Inna tun daga farko, kada in tsallake komai. Na fara ba shi. Da na zo inda ta daina iya tashi salla sai ya ce in dakata. Ya fita waje ya daɗe, ya dawo fuskarsa a jiƙe da ruwan alwala, ya zauna ya ce in ci gaba.